Shaidun Inna Kulu

A duk Gafasa babu macen da ta kai Kulu iya kiwon kajin gidan gona, babu kuma wadda ta kai ta saurin zargi. In kazarta ta yi tari, to wani ne ya shigar mata ɗakin kaji da takalmi. In buhun abincinsu ya ƙare kwana ɗaya kafin lokacinsa, to mai shago ne ya zare mudu biyu ya ɗinke bakin. Mijinta Malam Gwadabe ya daɗe da daina musu da ita. Ya ce shi gonar gyaɗarsa ma ta ishe shi.

'Yan tsakinta daga Gaya suke zuwa, daga hannun Datti, mijin autarta Fauziyya. Datti dillali ne. Duk Talata da Juma'a da safe motar kamfanin ƙyanƙyasa take sauke masa kwalaye, shi kuma ya rarraba wa masu kiwo na ƙauyuka. Shekara shida da auren, Kulu ba ta taɓa kiran sunansa ba, shi ma bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba. In ya zo gaisuwa, tun daga zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa, ita kuma ta amsa ta bayan labule. Duk wata maganar kaji, Fauziyya ce ke ɗauka a waya daga bakin wannan ta kai kunnen wancan. Kunyar surukuta ke nan, kuma kowa na yaba musu.

Hanne maƙwabciyarta ce ta ɓata lamarin, mace ce da labari ba ya kwana a cikinta. Ita ma tana kiwo, amma a wurin wani dillali na Wudil take saye. Ta shigo aron murhun gawayi, ta tsaya tana kallon kajin Kulu.

"Wai ke nawa kike samu a kwali?"

"Hamsin mana," in ji Kulu.

"Hamsin cif? Ba gyara?"

"Gyaran me? Gero ne?"

Hanne ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ai tun daga kamfani ake saka gyara, Yaya Kulu. Ni nawa hamsin da biyu yake zuwa, in ya yi kaɗan hamsin da ɗaya." Ta ɗauki murhun, ta kai bakin ƙofa, sannan ta juyo ta sassauta murya. "Ni dai ban ce komai ba. Amma ƙanin maigidanmu ya taɓa leƙa bayan shagon surukin naki ranar sauke kaya. Ya ce kwalaye duk a buɗe, yana cire wannan yana saka wancan."

Hanne ba ta faɗi ko matattu nawa take zubarwa a bola cikin satin farko ba, Kulu kuma ba ta tambaya ba. Abin da ya faɗo mata a rai shi ne salatef. Ashe shi ya sa kullum kwalinta yake zuwa da salatef biyu, sabo a kan tsohon da aka yanka! Ta ce a ranta, biri ya yi kama da mutum.

A yi mata adalci, ba 'yan tsaki biyu ne suka tsaya mata a wuya ba. Fauziyya ce. Mutumin da zai durƙusa maka har ƙasa, ya koma ya zare maka gyara shekara shida, me yake yi wa matarsa a inda ba mai gani? Yarinyar nan ba ta da baki, ko wuta aka ɗora mata ba za ta faɗa ba. Kulu ta ƙudura cewa in abin ya tabbata, ba da Datti za ta yi ba. Gidan mahaifinsa Alhaji Bappa za ta je, ta ajiye masa magana a gabansa, kuma Fauziyya ta taho gida ta zauna har sai manya sun san da wa aka haɗa su.

Ta kira 'yar a waya.

"Ki gaya wa mijinki, kwalina na wannan karon a kawo min shi yadda ya sauka daga mota. Kada a buɗe."

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau. Haka nake so."

Can an jima Fauziyya ta kira. "Ya ce to. Ya ce wai ko da..."

"Ko da me?"

Kulu ta ji ƙus-ƙus daga can. "Ba komai, Inna. Ya ce to."

Ranar Talata da hantsi mai babur ya sauke mata kwali, salatef ɗaya tal, na kamfani, ba inda aka taɓa. Ta riga ta hura gawayi, ta shimfiɗa ɓuntun shinkafa, ta dama ruwan sikari. Ta yanke salatef ɗin da hannunta, ta shiga cire su ɗaya bayan ɗaya tana tsoma musu baki a ruwa. Hamsin da biyu.

"Malam! Zo ka gani da idonka!"

Malam Gwadabe ya leƙo. Bai kalli waɗanda ke guje-guje a ɓuntu ba, cikin kwalin ya kalla, inda huɗu daga cikinsu suka rage ba su tashi ba. Ɗaya ƙafafunsa a tale suke, ɗaya gabas ɗaya yamma, yana jan ƙirji a ƙasa. Ɗaya bakinsa ya harɗe kamar almakashi. Ɗaya wuyansa a murɗe, kai na kallon rufin ɗaki, in ya yunƙura sai ya faɗi ta baya. Na huɗun cibiyarsa ba ta rufe ba, ciki ya kumbura ya yi shuɗi. Tun da Kulu ta fara kiwo ba ta taɓa ganin irin waɗannan a kwalinta ba.

Da wani ne, a nan zai tsaya ya yi tunani. Amma mai neman kuka ne aka jefa da kashin awaki.

"Ka ga mugunta ko?" in ji ta. "Don na ce kada a buɗe, shi ne ya tsinto min ragowar da kowa ya ƙi."

"Kulu, kwalin fa a rufe ya zo."

"Wanda ya iya buɗewa ya iya rufewa. Salatef ɗin kamfani wahayi ne? Ba a sayar da shi?"

Malam Gwadabe ya tsuguna, ya ɗauki mai murɗaɗɗen wuyan ya ɗora a tafin hannu, ya daɗe yana dubansa. "To, ko ma dai wa ya saka su, waɗannan ba masu rayuwa ba ne. Wahala kawai suke sha. Ba ni sabuwar reza in hutar da su, in haƙa rami a bayan gida."

Ta karɓe ɗan tsakon daga hannunsa. "A yanka min shaidu? Matacce ai kowa na iya cewa zafin hanya ne ya kashe shi. Da ransu Alhaji Bappa zai gan su, ranar Juma'a."

"Juma'a? Yau fa Talata."

"Na san kwanakin mako, Malam."

Ta samo ƙaramar ƙwarya ta shimfiɗa tsumma, ta zuba su, ta ajiye kusa da murhu. Daga nan ta shiga wata irin hidima da ba ta taɓa yi wa lafiyayyu ba. Mai harɗaɗɗen bakin yini yake yana saran abinci ba ya ɗaukar ko ƙwaya, sai ta riƙa ɗiga masa ruwan sikari da tsinken tsintsiya. Mai wuyan in ya kife, ta tayar da shi, ya sake kifewa. Mai talallun ƙafafun ta riƙa tura masa murfin kwalba da ruwa har gaban baki. Wanda ya shigo ya gan ta zai rantse tausayi ne. Ba tausayi ba ne, so take su kai Juma'a.

Mai cibiyar bai kai ba, ranar Laraba da la'asar ya mutu. Kulu ta ji haushi, irin haushin wanda mai shaidarsa ya yi tafiya ana gobe zaman kotu. Sauran ukun kuwa kuka suke ba tsayawa, ba irin kukan 'yan tsakin da suka ƙoshi ba, wani siriri mai shiga kunne. Malam Gwadabe ya ɗauke tabarmarsa ya koma gindin darbejiyar ƙofar gida, can aka riƙa kai masa abinci. Sau ɗaya ya shigo ɗaukar carbinsa, ya tsaya a kan ƙwaryar.

"Kulu, ki ji tsoron Allah."

"Wanda ya cuce ni za ka gaya wa."

Ya ɗauki carbinsa ya fita. Zuwa ranar Alhamis kukan ya ragu, kuma Kulu ta san ba sauƙi suka samu ba. Abin ya ɗan taɓa ta, ba za a ce bai taɓa ta ba, sai ta ƙara sikari a ruwan.

Ranar Juma'a da sassafe ta rufe ƙwaryar da faifai, ta sa ta a ƙarƙashin hijabi, ta hau babur zuwa Ajingi, can ta sami bas ta Gaya. A hanya ta sake shawara. Ba za ta wuce gidan Alhaji Bappa kai tsaye ba, tun da yau ranar sauke kaya ce. Gani ya kori ji. Za ta fara ganin abin da ƙanin mijin Hanne ya gani, don in ta buɗe baki a gaban dattijon, kada a ce jita-jitar mata ta kwaso.

Shagon Datti yana kusa da tasha. Ta tarar motar kamfani ta juya ke nan, ƙofar gaba a rufe, masu babura biyu na zaune suna jira. Ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta bi ta lungu. A bayan shagon akwai wata rumfa da aka kewaye da zana, kukan 'yan tsaki ya cika wurin. Mace mai jikoki ta shafa wa idonta toka, ta tsaya tana leƙen surukinta ta ɓular zana.

Ga shi nan kuwa zaune a kan tabarma, ga kwalaye jere, ga wuƙa yana tsaga salatef. Kulu ta ƙara manna ido a jikin zanar. Rana dubu ta ɓarawo!

Sai dai ɓarawon nan ba ya sauri. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗaukar su. Ya kifar da ɗan tsako a tafinsa ya ga ko zai miƙe, ya duba baki, ya hura gashin cikin ya duba cibiya, ya ajiye. A kwalin farko ya ware biyu ya sa a wani kwano mai tsumma. A na biyu bai ware ko ɗaya ba. A na uku ya ware uku, sai ya jawo wani kwali da ke bayansa ya ɗebo daga ciki ya cike gurbi. Kulu ta ce a ranta, ga shi nan, cire wannan saka wancan.

Sannan ya yi abin da ya fi tayar mata da hankali. Ya ɗauko ɗaya daga cikin kwanon, ya zaro jan zare daga aljihu, ya ɗaure masa ƙafa da ƙafa, ya ƙulla, ya tsayar da shi a cikin wani kofi. Har da ƙulle-ƙulle! Da walakin goro a miya. Wato abin ya wuce cin gyara, ya kai ga aikin malaman tsibbu, kuma a gidan wannan mutumin 'yarta take kwana.

Datti ya tashi da kwanon. Ya rufe shi da tsumma, ya koma can ƙarshen rumfar inda aka riga aka haƙa ɗan rami, ya juya wa kwalayen baya yadda sauran ba za su gani ba. Ya ɓare sabuwar reza daga takardarta. Ya zaro ɗaya daga ƙarƙashin tsumman, ya ɗiga masa ruwa a baki, ya shafa kansa da babban yatsa har ya yi lamo. Ya fuskanci alƙibla, leɓɓansa suka motsa, ya ja sau ɗaya. Ko ƙara ɗan tsakon bai yi ba. Ya jira har ya daina motsi, ya sa shi a ramin, ya barbaɗa toka, sannan ya zaro na gaba. A hasken da ke shigowa ta zana Kulu ta hango bakin na biyun, harɗaɗɗe ne kamar na cikin ƙwaryarta.

Ba ta san yadda za ta ajiye wannan a cikin zarginta ba. Tana cikin juya shi aka yi magana a bayanta.

"Inna? Inna, ke ce? Me kike yi a nan?"

Fauziyya ce, ɗauke da kwanon koko da ƙosai a leda, ta kawo wa mijinta karin kumallo. Kafin Kulu ta sami abin faɗa, Datti ya ji. Ya wanke hannu da sauri, ya ɗaga zanar, ya fito ba takalmi, ya durƙusa a cikin lungun idonsa a ƙasa.

"Barka da asuba, Inna. An zo lafiya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya," in ji Kulu, tana kallon bango. Taku biyu ne tsakaninsu, amma ta juya ga 'yarta. "Ki tambayi mijinki, me ya sa yake buɗe kwalayen mutane."

Fauziyya ta dubi uwar, ta dubi mijin. Ba ta ma tambaye shi ba. "Inna, ai kullum haka yake yi. Kamfani ba ya tsayawa dubawa sosai, ga wahalar hanya. Duk kwali sai an sami nakasassu ɗaya ko biyu, wani lokacin fi. Shi yake cire su tun a nan ya hutar da su, don ya ce in suka je ƙauye mutane ba sa iya yanka su, sai a bar su sauran su tattake su. Da gyaran yake cike gurbi, in bai isa ba ya ɗebo daga kwalinsa."

"Kuma shekara shida ba wanda ya gaya min?"

"Wa zai gaya miki? Ranar da kika ce kada a buɗe ma ya so ya yi bayani, sai ya ji nauyi, kada ya zama ya musa miki."

Datti yana nan a durƙushe. A daidai lokacin wani ɗan siririn kuka ya fito daga ƙarƙashin hijabin Kulu.

"Inna, mene ne wannan?"

Ba yadda za ta yi. Fauziyya ta ajiye kokon, ta karɓi ƙwaryar, ta ɗaga faifan. Wari ya fara fitowa. Mai harɗaɗɗen bakin ya bushe ya zama ƙashi da gashi, ido a rufe. Mai wuyan yana kwance ta baya, ƙafa ɗaya na ɗan rawa. Mai talallun ƙafafun gashin ƙirjinsa ya tuje, fatar ta yi ja.

"Innalillahi. Na ranar Talata ne? Ina za ki kai su haka?"

Ƙofar tsira a buɗe take. Da Kulu ta ce kawo su ta yi a duba mata, da magana ta mutu a nan, kowa ya rufa wa kowa asiri. Amma duk abin da za a faɗa a kan Kulu, ba ta iya ƙarya ba.

"Gidan Alhaji Bappa," in ji ta. "Na ɗauka shi ya zuba min su da gangan. Na ajiye su ne in nuna wa mahaifinsa, in tafi da ke gida."

Kulu ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, kamar ƙasa ta tsage ta shige, ta tsaya tana jiran Datti ya yi rantsuwa, ko ya yi fushi, ko ya kare kansa. Da ya yi ɗaya daga ciki da ta ji sauƙi.

Hannu kawai ya miƙa wa matarsa ta ba shi ƙwaryar. Ya shiga rumfar, suka bi shi. Ya ɓare wata rezar, ya koma bakin ramin ya juya musu baya. Biyun farko ba su ɗauke shi lokaci ba. Na ukun ne ya dawo da shi cikin haske, ya daɗe yana juya shi. Ya gwada haɗa ƙafafun a hankali, suka ƙi, gwiwoyin sun kumbura sun sandare. Ɗan tsakon ya buɗe baki, sauti bai fito ba.

Datti ya ɗaga kai ya dubi surukarsa, ido cikin ido, bai bi ta kan Fauziyya ba.

"Inna, wannan ba na yanka ba ne. Da ranar Talata aka ɗaure masa ƙafa da zare, kwana uku ya ishe shi ya miƙe." Ya nuna kofin da haɓa. Mai jan zaren yana tsaye a ciki da ƙafafunsa biyu, yana saran bakin kofin. "Yanzu kam ya wuce."

Babu zafi a muryarsa, kuma hakan ya fi yi wa Kulu ciwo. Ta tuna sau nawa ta tura wa ɗan tsakon nan murfin kwalba tana kallon ƙafafunsa, ba ta taɓa tunanin komai a kansu ba sai yadda za su yi kyau a gaban Alhaji Bappa.

Ta tsuguna a bakin ramin, ta tattare hijabinta, ta miƙa hannu biyu.

"Kawo in riƙe maka."

Ya ɗora mata shi. Ba nauyi ko kaɗan, sai ɗumi da bugun zuciya a kan yatsunta. Datti ya ɗiga masa ruwa, ya gyara mata hannu ya fuskanci alƙibla, ya yi bisimilla. Fauziyya ta kawar da kai, kuma Kulu ta san ba rezar take gudun gani ba, hannun mijinta ne a kan na uwarta.